Hannun da Iya Ta Ɓoye Cikin Zane

Akwai wata tsohuwa maginiyar tukwane, kowa Iya yake ce mata. Duk randar da ta gina, kafin ta bushe sai ta danna babban yatsanta a bakin randar, ya bar rami. Masu saye in sun ga ramin nan ba sa ko ƙwanƙwasawa, gama sun san ba ta yoyo.

Mata huɗu ke koyo a wurinta, amma Rifkatu ce 'yar gaban goshi. Kwano ɗaya suke ci. Iya takan tura mata tsokar nama ta ce, "Ci, 'yata, ke mai goyo ce."

To, tukwanen Rifkatu ba mai kallonsu a kasuwa, abin yana cin ranta. Sai ta gina randuna a gida cikin gaggawa, ta danna nata yatsan, ta kwashe su daga wuta ba su gama gasuwa ba, ta sayar.

Kasuwa ta zagayo, sai ga mata da tsagaggun randuna, suna ta faɗa. Wata har garin tuwonta ya jiƙe. Sarkin kasuwa ya tsare Rifkatu ya ce, "Ke kika sayar. Wa ya gina?"

Rifkatu ta ce, "Ni dako kawai na yi. Ga alama nan, ga kuma mai ita." Ta nuna Iya.

Yatsan Iya kuwa faffaɗa ne, shekaru da yumɓu sun baje shi, ramin nan ɗan ƙarami. Da ta ɗora yatsa a kai, da magana ta ƙare. Rifkatu tana gani Iya ta dubi ramin, ta dube ta, sai ta cusa hannunta cikin zane. Ranar aka tashi Iya daga rumfarta, ana yi mata ihu.

Kwana uku Rifkatu ba ta leƙa ƙofa ba. A na huɗu da hantsi ta ji sallama. Ga Iya da ƙwaryar kunu.

"Yumɓu yana bushewa, ke kina kwance. Ni zan taka da waɗannan gwiwoyi?"

Rifkatu ta durƙusa tana kuka. "Iya, me ya sa kika ɓoye hannu?"

"Da na fitar, ke za su kama, ga goyo a bayanki. Tashi ki sha, kunu zai huce. Wuta ce ban gama koya miki ba."

Ma'anar misalin nan, 'ya'yana, ga ta. Iya tana nuna mana Ubangijinmu Yesu. Wanda ya ci kwano ɗaya da shi ne ya nuna shi ga maƙiya, wani almajirinsa kuma ya rantse bai san shi ba. Yana da ikon kuɓutar da kansa, ya yi shiru dominmu. Wanda ya nuna shi da wanda ya rantse, dukansu biyu sun yi nadama, amma ɗaya ne ya jira har ya sake ganin fuskarsa.

Ni uwa ce, karatuna bai yi nisa ba. Na san za ku yi laifi, ba wannan ne babban tsorona ba. Tsorona kada kunya ta sa ku kulle ƙofa. Don Allah, ranar da kuka ji sallamarsa, ku amsa, ko da kuka ne.