Ƙyallu da Wutar Dutsen Hayaƙi

Ga ta nan, ga ta nanku. A'a, bakinku ciwo yake yi ne? Ku ce ta zo mu ji ta. Yauwa. Mai gyangyaɗi kuma kada ya ce in maimaita masa.

Wani gari ne a tsakiyar fako, inda rana take gasa tafin ƙafa tun da hantsi. A garin akwai tsoho Sarkin Maƙera, da 'ya'yansa uku: Jatau, da Cindo, da ƙanwarsu Ƙyallu, bazawara mai sana'ar kaɗi. Wutar maƙerarsu ba ta taɓa mutuwa ba, tun ranar da kakan kakansu ya ɗebo ta daga Dutsen Hayaƙi, wanda ake hangowa can gabas yana tuƙa hayaƙi. Al'adarsu kuwa, ba a sa wutar murhu a maƙera. In ta mutu, sai a koma dutsen. In kuma ruwan shuka ya sauka babu wuta, to a ɗauke uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ƙira a kansa, a kai wani gida, sarauta ta bi ta.

Sai tsoho ya kwanta ciwo. Jatau ya ce zuba gawayi aikin Cindo ne, Cindo ya ce na Jatau ne. Kafin su gama musu, wuta ta zama toka. Ga hadari ya fara leƙowa. Tsoho ya juya fuska bango, ya ce, "A hannuna gidan ubana zai mutu."

Sai Jatau ya bugi ƙirji. Ya ce dutsen da ke aman wuta ai zafi ne tun daga gindi har kai. Ya tuɓe riga, ya ɗauki mafici da gorar ruwa, ya kama hanya. A gindin dutse ya tarar da Rema, 'yar dabbar nan ta cikin duwatsu, tana shan hantsi.

Ta ce, "Sannu baƙo. Ina gwadonka?"

Ya ce, "Ji wannan maras wutsiya! Wurin wuta za ni, ki ce gwado?"

Ta ce, "A sauka lafiya."

Ya hau, ya hau. Sai iska ta fara yankarsa. Sai haƙoransa suka kama kaf-kaf-kaf. Sai gajimare ya sauko ya rufe shi, ko tafin hannunsa ba ya gani. Gogan naku ya yar da mafici ya gangaro da gudu. Da ya iso gida aka ce yaya? Kunya ta hana shi cewa sanyi ya koro maƙeri. Ya ce, "Zafi! Wallahi zafin ya fi ƙarfin ɗan Adam."

Sai Cindo ya ce shi ya san dabara. Ya jiƙa zane sharkaf ya yafa, ya ɗauki tulu guda don ya riƙa kwara wa kansa. Kai, wauta ba ta da magani! Rema ta ce, "Ina gwadonka?" Ya jefe ta da tsakuwa. Bai kai inda wansa ya kai ba ƙanƙara ta rufe shi da jifa, jiƙaƙƙen zane ya manne masa. Da rarrafe ya sauko. Shi ma aka tambaye shi, ya dubi Jatau, ya ce, "Zafi."

To, Ƙyallu dai idonta biyu. Ta ga yayyenta sun baje a rana suna atishawa, suna kiran a kawo kunu mai zafi. Ta ce a ranta, yaushe wanda wuta ta kora ya fara neman kunu mai zafi?

Sai ta durƙusa gaban tsoho ta ce, "Baba, a yi mini izini."

Ya ce, "Maza sun kasa, 'yar nan."

Ta ce, "Ba su kasa ba Baba, ƙarya suka yi."

Ta fito da gwado biyu na zaren da ta kaɗa da hannunta, ta ɗauki kasko da murfi, da busasshen kashin shanu, da dogon awartakin tsoho. Gari ya fashe da dariya. Wata ta ce, "Ƙyallu, dafa kanki za ki yi?" Ba ta ko waiwaya ba.

Da ta isa gindin dutse, Rema ta buɗe baki, "Ina gwa..." sai ta ga ƙunshin gwado a kan yarinyar. Ƙyallu ta gaishe ta, ta miƙa mata ƙuli-ƙuli, ta ce, "Uwar gida, ke ce 'yar gari. Yaya ake hawa?"

Rema ta ce, "Yau na ga mutum! Ki hau da sassafe, kafin gajimare ya taru. A bakin ramin kuma ki bar iska a bayanki, hayaƙin nan shaƙe mutum yake yi."

Gari na wayewa ta hau. Itatuwa suka gajarce, suka koma ciyawa, ciyawa ta ƙare, sai baƙin dutse tsagwaronsa. Ta yafa gwado ɗaya. Numfashinta ya riƙa fita fari kamar tururin tukunya, tsoro ya kama ta, ta ƙara na biyu. Yatsunta suka sandare, ta yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma ta tuna fuskar tsoho a bango, ta ci gaba.

Can sai ƙasa ta fara ɗumi a ƙarƙashin ƙafarta, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ta zagaya har iska ta koma bayanta. Ga rami yana gurnani, ga wata tsaga jawur a gefensa. Ta cafki kashin shanu da awartaki ta cusa. Ya kama! Ta sa a kasko, ta rufe, ta rungume shi a ƙarƙashin gwado, ƙanƙara na dukan bayanta, ta gangaro.

Tana tafe hadari na bin ta. Ta shigo gari ta tarar mutanen gidan da sarauta za ta koma har sun ɗaura wa uwar maƙera igiya.

Ta ce, "Ku kwance igiyarku!"

Ta juye garwashi a kan gawayi. Tsohon da ya yi kwana goma bai tashi ba, sai ga shi ya rarrafo ya kama zugazugi. Fu! Fu! Wuta ta tashi. Sannan ne ɗigon farko ya faɗo a kan rufin maƙera. Mata suka rangaɗa guɗa, masu dariyar jiya su ne a gaba.

Tsoho ya ce, "Jatau, Cindo, me ya koro ku?"

Suka sunkuyar da kai suka ce, "Sanyi, Baba."

Ya ɗauki awartakin ya danƙa wa Ƙyallu, ya ce, "Daga yau wutar gidan nan a hannunki take."

Kun ji dai. Matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ya ɓoye abin da ya kayar da shi, ɗan'uwansa ya haƙa wa rami.

Ƙurunƙus! Rema na nan a gindin dutse, in kun je ku tafi da gwado.