Bindigar da Shamroz Ya Ɓoye a Tanderu

Akwai wani magidanci a ƙauyenmu, nan gefen Swabi, ana ce masa Shamroz Khan. Mutumin kirki ne, ban musa ba, amma wajen taurin kai sai dai a yi shiru. Yana da ƙaramar bindiga da takardunta, kuma kullum a ɗane take, da harsashi a ciki.

Matarsa Gulalai ta yi magana har bakinta ya gaji. "Baban Palwasha, don Allah ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli. Ka cire harsasan ka ajiye su daban."

Sai ya kwashe da dariya. "To in ɓarawo ya diro sai in ce masa, ɗan'uwa dakata in nemo makulli? Ke dai ki ji da tukunyarki."

Dabararsa ita ce canza maɓoya. Yau cikin barguna, gobe saman kabad. Kuma ba ya gaya wa kowa, wai cikin mata ba ya riƙe magana.

Ranar da ƙanwarsa Zarmina za ta iso daga Karachi da 'ya'yanta, sai ya tuna yaran nan ba inda hannunsu ba ya shiga. Ya naɗe bindigar a tsumma, ya zagaya bayan gida, ya tura ta cikin tokar tsohon tanderu. An daɗe ba a hura shi ba, tun da ciwon gwiwa ya kama mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Ade, aka koma sayen gurasa a kasuwa. Har yana yaba wa kansa wayo.

Baƙi suka iso da hantsi, gida ya kaure da murna. Shi kuma ya fita cefane. Ya sayi nama, ya biya ta wurin mai gurasa.

"Yau ka ninka mana, muna da baƙi."

Mai gurasa ya ce, "Ashe ba ka da labari? Ai Ade ta aiko kada in ajiye muku. Ta ce 'yarta ba za ta ci gurasar kasuwa ba, da hannunta za ta gasa mata."

Naman ya suɓuce daga hannun Shamroz.

Ya kira wayar Gulalai, tana ta ringi ba a ɗauka, ana can ana hira. Ya zuba da gudu, takalmi ɗaya ya fita bai waiwaya ba. Tun daga bakin masallaci ya hango hayaƙi yana tashi daga bayan gidansu.

"Ade! Ade, ki matsa daga nan!"

Yana tura ƙofa ya ji ƙarar harbi.

Tsohuwa ta sunkuya ke nan za ta duba ko wuta ta kama sosai. Zafi ya tayar da bindigar, harsashi ya shige mata kafaɗa. Shamroz ya same ta a ƙasa, ƙullin gurasa a gefe, jini ya jiƙa mayafinta. Zarmina tana ihu tana kiran yayan nata, "Lala, wa ya harbe ta? Wa muka yi wa laifi?"

 Gulalai ce kaɗai ta leƙa tanderun, ta hango bindigar, ta ɗago ta dube shi.

A asibiti likita ya ce za ta rayu, amma hannun dama ba zai ƙara ɗaguwa ba. Da yake raunin harsashi ne, ɗan sanda ya zo ɗaukar bayani. Shamroz ya matso zai yi magana, Ade ta riƙe gefen rigarsa da hannun hagu.

Ta ce wa ɗan sandan, "Ɗana, harsashin daga sama ya faɗo. Biki ake yi a ƙauyen gaba, ka san yaran nan da harbin iska."

Ɗan sanda ya rubuta, ya yi mata sannu, ya tafi.

Shamroz ya durƙusa gaban gadon yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Ade, ki yafe min. Ni ne na sa bindigar a tanderu. Saboda yara na yi."

Ade ta juyo ta dube shi.

"Na sani. Hannun na yafe maka, ai ya gama aikinsa. Amma tun da na yi wayo ban taɓa yi wa mutum ƙarya ba, Shamroz. Yau ka sa na yi ta da furfurata, don kada jikokina su tashi ana ce musu ubansu ya harbi uwarsa."

Darasi: Ɓoye makami daban, tsare shi daban. In akwai bindiga a gidanka, cire harsashi, kulle ta a akwatin ƙarfe, ka ajiye harsasan a wani wuri, kuma ka saurari mutanen gidanka in sun yi maka magana. Girman kan mutum ɗaya, sau da yawa wanda ya fi so ne yake biyan kuɗinsa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda tasa take ƙarƙashin matashi yanzu haka.