Makunni Biyu a Motar Hajiya Barira

Akwai wani mai gyaran wutar mota a Ƙonni, sunansa Dauda. Rumfarsa tana can ƙarshen layin garejoji, inda kwalta ta ƙare. Kowa ya yarda ya iya aiki, amma kowa ya san ba shi da sauri. Aikin da wani zai gama kafin shayi ya huce, Dauda sai ya wuni yana auna waya.

A bakin layin kuma akwai Kamalu, mai babban gareji da allo mai fenti. Shi dai mota ta shigo, mota ta fita.

Wata rana cikin damina wata mata ta shigo layin tana tuƙa tsohuwar kat-kat fara, irin motar nan mai shiga daji. Hajiya Barira ce, mutuniyar Tajaye. Motar ta mijinta ce, Allah ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa ta ƙi sayar da ita, ta koyi tuƙi, yanzu da ita take kai man gyaɗa da ƙuliƙulin matan ƙungiyarsu kasuwar Illela da ta Malbaza.

Marigayin ya ƙara wa motar fitilu a gaba da bisa rufi saboda hanyar ƙauye, amma bai samu ya gama aikin ba. Wayoyi suna reto a ƙarƙashin sitiyari. In Hajiya tana son haske, sai ta haɗa bakin waya biyu ta murɗe da hannu. Sau biyu tartsatsi yana ƙona mata yatsa, ran nan kuma har ya huda mata hijabi.

Wurin Kamalu ta fara tsayawa. Ya leƙa ta taga ya ce, "Aikin minti goma ne, Hajiya. In huda tablo nan kusa da sitiyari, in maƙala maki buton, shi ke nan."

"A'a, kar ka huda," in ji ta. "Shekara goma sha biyu maigidana yana goge tablon ga kowace safiya. Makunni nike so irin na motar, wanda in ka gani sai ka ce da shi ta hito daga kamfani."

Kamalu ya kwashe da dariya, ya juya wurin abokansa. "Kun ji? Motar ƙuliƙuli na son kwalliya! Hajiya, in ado kike so, tahi wurin Dauda. Ki dawo ɗaukar motarki bayan Sallah."

Ranta ya ɓaci. Ta ja motarta zuwa ƙarshen layi.

Dauda ya gaishe ta, ya ba ta benci, ya saurari maganarta har ta gama. Sannan ya shiga motar ya daɗe yana kallo. Kusa da sitiyari ya ga wasu ƙananan marufai biyu na roba, jere da sauran makunnai. Ya sa bakin wuƙa ya ɓamɓare ɗaya a hankali. Babu komai a bayansa sai rami mai kusurwa huɗu.

"Hajiya, waɗanda sunka ƙera motar sun bar maki wuri tun farko. Sai dai in nemo makunnin da ya yi daidai da shi. Ki ba ni kwana ukku."

"Malam Dauda, kasuwa na jirana. Man mutane na cikin mota."

"Ki tahi kasuwarki. Bari in naɗe wayoyin ga yanzu don kada su ƙara ƙona ki. In na samu sai in kira ki."

Kwana biyu ya yi yana tonon kwandunan masu sayar da kayan tsofaffin motoci a Ƙonni, bai samu ba. A rana ta uku ya hau babur har Malbaza, inda aka ce masa akwai wata irin motar da ta daina tafiya. A can ya ciro guda biyu. Ya wanke su, ya goge, ya gwada.

Da ta kawo motar, wuni ya yi a kanta. Ya sa wa kowace fitila fis nata, don in waya ta yi zafi fis ya yanke kafin wuta ta kama. Ya tura wayoyin ta bayan tablo. Har ɗan koren hasken da ke cikin makunnan ya haɗa, don su riƙa kamawa tare da sauran.

Hajiya ta dawo ta zauna a kujerar direba, ta duba dama, ta duba hagu.

"Malam Dauda, ina suke?"

"Ki nema, Hajiya."

Sai da ta ƙirga makunnan da yatsa sannan ta gano su. Ta danna ɗaya, fitilun rufi suka kama tun rana ba ta faɗi ba. Ta rangaɗa guɗa har masu garejojin suka leƙo. Sannan ta share hawaye da gefen hijabi ta ce, "Haka maigidana ya so ya yi. Allah ya yi maka albarka."

Bayan sati biyu, tana dawowa daga Illela da la'asar, hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Gari ya yi duhu. Ta danna makunnanta, hanya ta fito sarai. Da hasken ne ta hango wani mutum a gefen hanya yana ɗaga hannu, motarsa tana hayaƙi.

Ta ɗauke shi. Sunansa Shamsuddin, shi ke kula da motocin wani kamfanin haƙar rijiyoyi. Wayar ƙarin fitilar da aka yi masa a gurguje a wani gari ce ta kama wuta.

Yana zaune a jiƙe, idonsa na kan tablo. "Hajiya, ban taɓa sanin irin motar ga na zuwa da waɗannan makunnai ba."

Ta yi dariya har ta kusa taka burki. "Ba ta zo da su ba. Kamfanin da ya sa su yana Ƙonni, ƙarshen layi, ƙarƙashin rumfar kwano!"

Ranar Asabar kat-kat shida na kamfanin su Shamsuddin suka jeru a gaban rumfar Dauda, har suka tare ƙofar Kamalu. Kamalu ya tako a hankali, hannu a aljihu, ya tsaya yana kallo.

Dauda ya ɗago kai. "Ɗan'uwa, aikin ya fi ƙarfin mutum guda. Ka zo mu yi tare."

Kunya ta kama Kamalu. "Bayan dariyar da na yi maka?"

"Dariya ba ta ƙona waya. Riƙe min nan."

Kamalu ya tuɓe agogonsa ya durƙusa. Hajiya Barira kuwa ta sauke musu daro guda na ƙuliƙuli, ta ce kowa ya ci, har da shi.

Darasi: Kada ka raina buƙatar mutum don ka gan ta ƙarama, ba ka san abin da take nufi a zuciyarsa ba. Ka saurara, ka yi aikinka da kyau ko da zai ɗauki lokaci, in Allah ya buɗa maka kuma ka jawo ɗan'uwanka. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani, ko zai amfana.