Rantsuwar Saifullahi a Kan Wasan Gwaram

A garin Birnin Kudu an yi wani saurayi mai suna Saifullahi, ɗan Inna Barira mai ƙuliƙuli. Allah ya ba shi tsayi, har sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, ya kuma ba shi hannu mai saiti, wanda in ya jefa ƙwallo da wuya ta kauce wa kwando. Amma yana da wani hali guda da ya fi tsayinsa fitowa fili: ba a yi masa gyara. Ko gaskiyar da kowa ya gani aka faɗa masa, in dai a gaban mutane ne, to zai kafe a kan bakansa, ko da kuwa shi zai cutu.

Mutanen garin ƙwallon ƙafa suka sani. Lokacin da Malam Iliyasu, wani malamin motsa jiki da ya yi ritaya, ya fara tara samari a tsohon filin siminti na bayan wata makarantar sakandare yana koya musu ƙwallon kwando, dariya aka riƙa yi musu. Masu wucewa cewa suke yi ga ƙarti nan sun bar gona sun koma wasan carafke. Malam Iliyasu bai kula ba. Ya sa wa ƙungiyar suna Zaratan Kudu, ya naɗa Saifullahi kyaftin, suka ci gaba da gudu bayan sallar asuba da atisaye bayan la'asar.

Da aka fara gayyato ƙungiyoyin garuruwan maƙwabta suna shan kashi, sai dariya ta tsaya. Wata rana wani ya ɗauki Saifullahi a waya lokacin da ya yi tsalle ya zura ƙwallo a kwando da hannu ɗaya, hoton ya bi wayoyin gari, har 'yan Birnin Kudu mazauna Kano suna bugowa suna tambayar ɗan gidan waye. Daga nan fili ya fara cika. Ɗanladi mai shayi, wanda a da ya fi kowa yi musu ba'a, shi ya zama shugaban magoya baya, har ya liƙa hoton ƙungiyar a jikin teburinsa. A rumfarsa aka yanke cewa kofin jiha na bana na Birnin Kudu ne, kuma Saifullahi ba zai shekara a garin ba sai wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi.

Wannan yabo ya shiga kan 'yan wasan, ya zauna. Saifullahi ne ya fara barin gudun asuba, yana cewa wanda ya iya ba ya bukatar wahalar da kansa. Sauran suka bi sahunsa ɗaya bayan ɗaya. Da yamma kuma, maimakon su koyi tsaron gida da miƙa wa juna ƙwallo, sai kowa ya tsaya yana gwada irin tsallen da zai sa a yi tafi. Mutum ɗaya ne bai canja ba, wato Manu, wani gajere mai kauri da yake zuwa daga Kiyako a kan keke. Shi ba ya tsalle sosai, amma ya san inda kowa yake tsaye a fili, kuma ya iya samun gurbi a ƙarƙashin kwando.

Malam Iliyasu ya tara su ya yi musu magana. Ya ce tafin 'yan kallo ba ya ƙara wa mutum numfashi, kuma ya je ya ga samarin Gwaram, waɗanda za su kara da su a gasar kofin jiha, da idonsa, ba su da dogo ko ɗaya kamar Saifullahi, amma suna gudu tare, suna komawa tare.

Saifullahi ya juya ƙwallo a kan yatsansa ya ce, "Malam, ai tsoro ne ya yi maka yawa. Mu da muke cikin fili mun san abin da muke yi."

Samarin suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Malam Iliyasu ya dube shi kawai, ya busa usur aka ci gaba.

Gasar ta zo. Tsarin shi ne Birnin Kudu da Gwaram za su kara sau biyu, gida da waje, a haɗa maki, wanda ya fi ya tafi Dutse zagaye na gaba. Wasan farko a Birnin Kudu aka yi. Tun kafin la'asar fili ya cika, wasu sun hau katanga, wasu sun hau bishiyar darbejiya. Zaratan Kudu suka fara da zafi, Saifullahi ya zura ƙwallaye masu kyau, gari ya ɗauki sowa. Amma bayan hutun rabin lokaci sai ƙafafu suka yi nauyi. Samarin Gwaram suna wuce su kamar an dasa su a ƙasa. Kowane ɗan Kudu da ya samu ƙwallo sai ya nemi ya ci da kansa. Aka tashi Gwaram na gaba da tazara kaɗan, kuma a ƙarshen wasan Saifullahi ya dira a kan ƙafar wani, idon sawunsa na dama ya gurɗe.

Mutanen da suka zo da ganga su ne suka fara ihu. Aka jefo ledojin ruwa cikin fili. Ɗanladi ya tsaya a bakin layi yana cewa an kunyata gari, tsayin banza ne kawai, gara a koma kallon ƙwallon ƙafa. Sauran 'yan wasan suka sunkuyar da kai suna neman hanyar fita. Saifullahi kuwa ya ɗingisa ya hau kan benci, ya ɗaga hannu har aka yi shiru.

Ya ce, "Duk wanda ya yi min ihu yau na gan shi. Ku biyo mu Gwaram. Wallahi in ban kai garin nan Dutse da hannuna ba, na bar ƙwallon kwando har abada."

Nan take ihu ya koma tafi. Shi kuma ya sauko yana jin cewa ya gama da su.

Kafin gari ya waye ƙafar ta kumbura ta yi suntum. Inna Barira ta kira mai ɗori, ya duba ya ce targaɗe ne mai tsanani, ya ja ya ɗaure, ya ce kada a ɗora mata nauyi sai ta saɓe. Inna ta zauna a gefensa tana gasa masa da ruwan ɗumi, ta roƙe shi ya haƙura da wannan tafiya. Ta ce mutanen da ya yi wa rantsuwa ba su za su yi jinyarsa ba, kuma ita ba ta haife shi don ta ciyar da rumfar mai shayi da labari ba. Ya ce mata ta yi masa addu'a kawai, maganar ta riga ta fita.

Malam Iliyasu ma ya zo har gida. Ya ce shawararsa ita ce Saifullahi ya zauna a benci, a bar Manu ya ja wasan, in an ga da hali sai a shigo da shi a ƙarshe ya yi jifa daga nesa ba tare da tsalle ba. Tazarar ba ta da yawa, ana iya cike ta in an yi wasa tare.

Saifullahi ya ce, "Ni zan zauna a benci gari yana kallo, ɗan Kiyako ya ja ni? Malam, ko dai in fara wasan nan, ko kuma ka je Gwaram kai da Manu ku kaɗai."

Ba barazana ce ta baki ba. Ya riga ya kira sauran samarin a waya, kuma sun ce in babu kyaftin su ma ba za su hau mota ba. Wasu tsoronsa suke ji, wasu tsoron bakin gari. Malam Iliyasu ya auna, ya ga in ya dage ƙungiyar za ta watse tun kafin a busa usur. Ya miƙe ya ce Allah ya kiyaye, ya fita ransa a ɓace.

Ranar wasa motoci suka ɗauki hanyar Gwaram cike da magoya baya. Filin Gwaram ƙarami ne, 'yan kallo sun matso har bakin layi, akwai waɗanda suka taso tun daga Farin Dutse. Saifullahi ya ɗaure ƙafa tamau, ya haɗiye maganin ciwo, ya shiga fili yana taku kamar lafiyarsa ƙalau. Da farko abin ya yi kamar zai yiwu. Ya ci daga nesa, ya sake ci, 'yan Kudu suka fara kiran sunansa. Amma samarin Gwaram ba su daɗe ba suka lura cewa ba ya iya juyawa ta dama, suka kuma lura cewa ba ya ba kowa ƙwallo. Sai suka sa mutum biyu a kansa, suka bar sauran suna yawo.

Duk da haka Manu bai karaya ba. Shi ne yake ƙwace ƙwallo, shi ne yake komawa tsaron gida, yana kiran sunayen abokansa yana nuna musu inda za su tsaya. Da ƙoƙarinsa aka riƙa cin tazarar kaɗan-kaɗan, har ya zama saura kwando ɗaya tak Birnin Kudu ta wuce, lokaci kuma ya kusa cika. Ƙwallo ta zo hannun Saifullahi. Mutum biyu suka tare shi. Ta tsakanin kafaɗunsu ya hango Manu a ƙarƙashin kwando shi kaɗai, ya ɗaga hannu biyu, babu kowa kusa da shi. Ya ji muryar Malam Iliyasu daga benci yana cewa ya miƙa. Ya gani, ya ji, ya kuma san abin da ya dace. Amma ya tuna cewa da hannunsa ya ce, ba da hannun wani ba. Ya tattara ƙarfinsa ya yi tsalle a kan ƙafar nan mai ciwo.

Ƙafar ba ta ɗaga shi ba. Ƙwallo ta bugi bakin kwando ta fanɗare, shi kuma ya faɗo da dukan nauyinsa, aka ji ƙarar ƙashi. Alƙalin wasa ya busa tashi.

Magoya bayan Birnin Kudu ba su tsaya ganin halin da yake ciki ba. Suka cika motoci suna zagin 'yan wasan gaba ɗaya, mai laifi da marar laifi. Malam Iliyasu da Manu da wasu samarin Gwaram ne suka ciccibe shi suka kai shi asibiti, inda aka ce karaya ce a idon sawu.

Ya daɗe a kwance. A tsawon jinyar nan, cikin masu kiran sunansa a fili ba a samu wanda ya taka ƙofar gidan ba. Sauran 'yan wasan ma sun sha bakin gari, har wasu suka daina bi ta gaban rumfar shayi, wasu suka mayar da rigunansu. Ranar da Saifullahi ya fara fita da sanda, rumfar ya nufa kai tsaye. An cire hoton daga jikin tebur. Ya tsaya a kan mutane ya ce musu babu wanda ya isa ya raina shi a cikinsu, don babu wanda ya taɓa jefa ƙwallo ko a cikin kwandon tumatir, kuma shi bai yi nadamar komai ba. Ɗanladi ya ci gaba da fifita wuta, ya ce ba su suka sa shi rantsuwa ba. A wannan kam gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi yi wa Saifullahi ciwo.

Da ƙafar ta warke, Malam Iliyasu ya sake zuwa. Ya riga ya tattara waɗanda suka rage, sun koma gudun asuba, Manu ne kyaftin. Ya ce wa Saifullahi ko da tsallen ya ragu, hannunsa yana nan, kuma ƙungiya tana bukatar mai jifa daga nesa. Maganar rantsuwa kuwa, addini ya yi sauƙi, ya yi kaffara ya dawo. Abin da ake nema a wurinsa kawai shi ne ya tsaya a gaban 'yan'uwansa ya ce ya yi kuskure.

Saifullahi ya ce, "Ban yi kuskure ba, Malam. Ƙafa ce ta ci amanata. Da lafiyata ƙalau, da ta shiga."

Malam Iliyasu ya ce, "Na sani da ta shiga. Ta Manu ma da ta shiga, kuma shi ƙafarsa lafiya lau take."

Saifullahi ya kau da kai. Manu ma ya zo da kansa ya ce shi bai riƙe komai a zuciya ba, amma ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba.

Zaratan Kudu sun ci gaba ba tare da shi ba. Ba su zama abin da gari ya yi mafarki ba, amma bayan wasu shekaru sun je Dutse, sun yi wasa mai mutunci sun dawo. Saifullahi kuwa yana tsaron kantin kawunsa a bakin kasuwa. In yamma ta yi, ƙarar ƙwallo a kan siminti takan iso har kantin, sai a ga hannunsa yana motsi a kan kanta shi kaɗai kamar mai buga ƙwallo, kafin ya lura ya cusa shi a aljihu. Yaran da suka taso yanzu ba su san ya taɓa yin wasa ba. Abin da suka sani shi ne akwai wani dogo mai ɗingishi, wanda ake kira in ana son sauko da kaya daga saman kanta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, baiwa ba ta ɗorewa a hannun wanda ba ya karɓar gyara. Tafin jama'a abu ne mai zuwa ya wuce, kuma wanda ya gina kansa a kan tafi zai wayi gari shi kaɗai. Saifullahi ya samu masu gaya masa gaskiya, mahaifiyarsa da malaminsa, amma ya zaɓi ya burge waɗanda ba su damu da lafiyarsa ba. Faɗuwa a wasa ba ita ta raba shi da abin da yake so ba, ƙin cewa "na yi kuskure" ne. Mai karatu, in ka samu kanka tsakanin kare girman kanka da amsa gaskiya, ka amsa gaskiya tun ƙofar komawa tana buɗe.