Wayar da Suwaiba ta jefa a murhu

Akwai wata mata a wani ƙauye kusa da Gangara, sunanta Suwaiba. Mijinta Abdurrahaman yana cirani a Agadas, ita kuma tana zaune da 'yarta a gidan surukarta, Inna Habi.

Da damina wayarta ta faɗa cikin randa ta mutu. Mijin ya aiko da wata, amma tsohuwar tana nan ƙunshe a tsumma a ƙasan akwati. Kullum ta tuna da ita sai gabanta ya faɗi, domin akwai hotunanta a ciki, waɗanda ta ɗauka ba ɗankwali, da sabon kitso, ta aika wa mijinta shi kaɗai.

A ƙauyen akwai wata mata da ake wa laƙabi da Baturiya, wadda ke bin gidaje tana karɓar matattun wayoyi da tocila da batura, tana ba da kwanon roba a madadi. Idan buhu ya cika sai ta kai wa masu gyara a Maraɗi.

Ranar nan ta yi sallama. "Amaryar gidan Habi, an ce wayarki ta sha ruwa. Kawo ta in ba ki kwano."

Suwaiba ta ɗaure fuska. "Ni ba ni da kayan bola. Ki yi gaba."

"To, Allah ya ba ki haƙuri. In dai ta kumbura, kada ki bar ta kusa da zafi."

Suwaiba ba ta saurara ba. Abin da ke ranta ɗaya ne: a kai wayar birni, wani mai gyara ya tashe ta, samari su taru suna kallonta. Ta kasa tambayar kowa, don tambayar ma tonon asiri ce.

Washegari da hantsi, bayan ta sauke dawo, ta leƙa ta ga ba kowa a tsakar gida. Ta tura wayar can cikin garwashi, ta rufe da toka, ta shige ɗaki da sauƙi a ranta.

Ba a jima ba Inna Habi ta fito za ta gasa masara. Ta tsuguna, ta sa hannu tana tona wutar da kara. Sai batirin ya fashe. Wuta ta yi tsalle ta kama hannunta da bakin zanenta.

Ihun tsohuwar ya tara maƙwabta. Baturiya ce ta fara isowa, ta kwara mata ruwa, ta samo mai moto ya kai ta likita.

Da la'asar aka dawo da ita, hannu a naɗe har gwiwa. Mata sun cika tsakar gida suna yi mata sannu. An riga an tono ƙonanniyar wayar an ajiye a kan turmi.

Inna Habi ta dubi Suwaiba. "Ke 'yar nan, taki ce?"

"Tawa ce, Inna."

"Mi ya kai ta murhuna?"

Suwaiba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗi gaskiya, har da maganar hotunan. Wata ta yi dariya ta danne. Wata ta ce, "Ashe kitson Agadas ne."

Baturiya ba ta yi dariya ba. Ta ciro wata matacciyar waya daga buhunta, ta buɗe bayanta, ta zaro wani ɗan kati da bai kai farce ba.

"A irin waɗannan ƙananan, nan hotuna ke zama. Duk wadda ta ba ni, sai na cire na damƙa mata a hannu. Da kin tambaye ni a kunne, da ba mai ji."

Inna Habi ta ɗaga naɗaɗɗen hannunta da ƙyar.

"Ni na yi miki wankan jego kwana arba'in da hannun nan. Mi ya rage ban gani ba, da za ki ƙona shi a kan kitso?"

Har hannun ya warke, Suwaiba ce ke ba ta tuwo a baki, ba ta iya ɗaga ido ta dube ta.

Darasi: Kunyar tambaya takan haifi kunyar da ta fi ta. Matacciyar waya da batir ba na murhu ba ne, ba na juji ba ne. Ki cire katinki, ki ba masu tarawa. Ku tura wa 'yan uwa mata, wataƙila akwai mai irin wannan ƙunshin a ƙasan akwatinta.