Lambar Da Ta Miƙar Da Ɗan Majalisa

Akwai wani tsohon soja da ake ce wa Sha-Wuta. Tun da ya ajiye kaki ya shiga siyasa, zancensa ɗaya ne: shi kaɗai ya tsare gada a lokacin yaƙi, ya kori abokan gaba ɗari biyu.

A zaɓe na biyu suka zama ɗari biyar. Da ya koma majalisa karo na uku, gadar ma ta ƙara tsawo.

Matarsa takan ce, "Baban yara, rage gishirin nan mana."

"Ke da Allah, kina wurin ne?"

Wata rana aka kawo ƙudurin yi wa tsofaffin sojoji magani kyauta, shi ne kuma shugaban kwamitin. Ya buga tebur ya ce, "A cire masu girki! Hayaƙin murhu ba hayaƙin bindiga ba ne."

Ranar yanke hukunci, tsofaffin masu girkin suka cika bencin baya, kowa da sandarsa. Jagoransu, wani tsohon kofur, ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, mun ji. Amma a soja ba a sallamar mutum sai an kira lambarsa ya amsa. A bar ni in kira."

"Yi sauri," in ji Sha-Wuta. Ya kishingiɗa yana latsa waya.

Kofur ya warware tsohuwar takardar lambobin masu girki, ya buɗe murya irin ta fareti. Duk tsohon da ya ji lambarsa sai ya dafa sanda ya miƙe: "Sa!"

"Bakwai, huɗu, biyu, tara, sifili!"

Kafin Sha-Wuta ya ankara, ya zabura ya ƙame, ƙafa ta doki ƙasa, waya ta faɗi.

"Sa!"

Shekara arba'in, amma jiki bai manta ba.

Kofur ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Af, Ludayi, ashe kai ne a cikin wannan tumbin! To ranka ya daɗe, da sunanka za a fara sharewa, ko a bar mu duka?"

Darasi: Kada ka raina inda ka fito, don ranar da baki ya yi musu, jiki zai ba da shaida. Ku tura wa wanda ya hau sama ya ture tsani.