Ingarman Nomau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin kakanninmu, wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Ku matso, ku saurara. Nomau ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Abin da Allah ya ba shi a duniya guda ɗaya ne, ingarman doki. Ba dokin sukuwa ba, ba na ado ba. Doki ne na aiki, baƙi wuluk, mai faɗin ƙirji da kaurin wuya, kofatonsa kamar akushi. Ƙasar garin laka ce, ƙananan dawaki durƙushewa suke yi a cikinta, amma shi in an ɗaura masa garma sai ya wuce da ita yana huci.

Saboda haka duk manomin da ke da goɗiya burinsa ya samu irin dokin nan. Lokacin barbara sai ka ga an jawo goɗiyoyi daga ƙauyuka an ɗaure a ƙofar gidan Nomau. Shi kuwa bai taɓa yanka wa kowa farashi ba. Mai damin gero ya kawo, mai harawa ya kawo, wanda ba shi da komai ya ce Allah ya saka da alheri. Da wannan yake ci da iyalinsa.

Wata shekara wani bafatake ya ratso garin da goɗiyarsa, aka yi barbara, ya kama hanya. Bayansa aka kawo goɗiyoyi uku na mutanen gari, su ma aka yi. Sai wata safiya Nomau yana wanke dokin, ya ga kumburi a ƙasan cikinsa, wani ruwa yana ɗiga. Ya taɓa ganin ciwon nan a garin kakansa. Ciwo ne mai bin barbara, daga goɗiya zuwa ingarma, daga ingarma zuwa goɗiya. Wadda ya kama sai ta zubar da ciki, ta rame, ƙafafun baya su mutu.

Ku saurara da kyau a nan. Dokin yana tsaye ƙalau. Yana cin dusarsa, yana haniniya, yana turza ƙasa. Ba wanda zai ga komai sai wanda ya durƙusa ya leƙa. Kuma ba mai durƙusawa sai Nomau.

Ya shiga gida ya zauna. Ya tashi. Ya koma turke ya sake dubawa, ya dawo ya zauna, ya sake tashi. Matarsa Tasalla ta ajiye masa fura, bai ko kalli ƙwaryar ba.

Ta ce, "Malam, lafiya kake ta safa da marwa haka?"

Ya gaya mata.

Ta ce, "Ka tabbata shi ne?"

"Ban tabbata ba."

"To in ba ka tabbata ba, ka bari mana a ga yadda zai yi. Malam, rumbu ya kusa ƙarewa. Ka furta maganar nan yau, ba mai sake kawo goɗiya gidan nan har abada. Da me za mu ci?"

Kada ku zarge ta. Uwa ce, bakin 'ya'yanta take dubawa. Da yawanmu a nan abin da za mu ce ke nan.

Suna cikin haka aka yi sallama. Wani manomi ne, Jatau, ya taho daga ƙauye mai nisa da goɗiyarsa ja, wadda ba shi da wata bayan ita. Ya ga dokin a turke, ya yi ta murmushi yana cewa, "Tubarkalla! Yadda aka faɗa mini, haka yake."

Nomau ya kama igiyar dokin ya fara kwancewa. Wallahi ya fara kwancewa. Ya dubi goɗiyar, ya dubi ƙafafun Jatau da suka sha tafiya, sai ya mai da igiyar ya ƙulle.

Ya ce, "Malam Jatau, ka yi haƙuri, ka koma da ita. Ina zaton dokina yana da ciwo, kuma zai shafa mata."

Jatau ya ce, "Wannan dokin? Malam Nomau, in ba ka son ba ni ka faɗa mini kai tsaye. Don ka ga ni talaka ne?"

"Zo ka durƙusa ka gani."

Jatau bai durƙusa ba. Ya ja goɗiyarsa ya tafi yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa Nomau ya fara rowar iri.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Nomau ya kasa zama. Goɗiyoyin nan uku suna tsakiyar gari, suna kiwo tare da dawakin mutane. Ya saka takalmi ya cire, ya sake sakawa. Tasalla ta tare ƙofa ta ce, "Ka hana wanda ya zo, ai ya isa. Sai ka je ka kai kanka?"

Ya ce, "Daga gidana ya fita, Tasalla. Ni zan bi shi."

Gidan farko mai goɗiyar ya yi salati ya ware ta. Gida na biyu aka ce masa Allah ya isa, amma aka ware. Na uku gidan wani dattijo ne, Barmo. Nomau ya same shi a ƙofar gida cikin maƙwabta, ya durƙusa ya gaishe shi, ya gaya masa.

Barmo ya miƙe tsaye. "Ka kashe ni, Nomau! Da ka ja ni gefe, da ranar kasuwa na kai ta na sayar tun tana da kyan gani. Yanzu wa zai saya?"

Nomau yana durƙushe ya ce, "Baba, wanda zai saye ta, shi ma gona gare shi."

Barmo ya zage shi, zagin da ba zan maimaita a wurin nan ba. Nomau bai ɗaga kai ba har ya gama.

Kafin ruwa ya sauka goɗiyar Barmo ta zubar da ciki ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Ingarman ma ya fara jan ƙafa. Dokin da ke tsaga laka ya koma ba ya iya kai kansa bakin rijiya, sai Nomau ya ɗebo ruwa ya kai masa, har ranar da ya mutu a turke. Damina ta faɗi, gonar Barmo ba abin huɗa. Ba wanda ya aiki Nomau, ba alƙalin da ya ɗora masa. Ya saɓa fartanya, da safe yana gonar Barmo, da yamma yana tasa. Barmo bai ce masa sannu ba sai da gero ya fitar da kai. Ranar ya zo bakin gona ya tsaya, ya daɗe, sannan ya ce, "Fito ka sha ruwa, ɗan nan."

Na ga kuna jira in ce muku daga baya ya yi arziki. A'a. Da fartanya ya ƙare rayuwarsa, kuma shekarar nan iyalinsa sun sha wuya. Abin da ya faru shi ne ciwon ya tsaya a gidajen nan uku, bai tsallaka ko'ina ba. Dawakin garin suka tsira, gonaki suka nomu, mutane suka ci suka ƙoshi, mafi yawansu ba su ma san wanda ya biya musu ba. Allah ya sani.

To jama'a, gaskiya ba ita ce kawai ka amsa idan an tambaye ka ba. Gaskiya ita ce ka faɗi aibin da kai kaɗai ka gani, tun kafin ya shiga gidan ɗan'uwanka, ko da abincinka ne zai tafi. Kai da kajinka suka fara gyangyaɗi ka kwashe su da sassafe sai kasuwa, da kai nake. Kai mai sayar da irin shuka da ka san ya sha ruwa, da kai nake. Kai da ka san abin da ke jikinka kake neman 'yar mutane ka yi shiru, da kai nake. Kowannenmu yana da abin da ya durƙusa ya gani, ba wanda ya sani sai shi da Ubangijinsa. Ku koma gida yau ku duba naku. Allah ya ba mu ikon faɗa tun bakinmu yana motsi.